Takardun Malam Isyaku

Ranar Asabar da hantsi Alhaji Abdulmalik ya zo gidansa na haya da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ya tsaya a ƙofar ɗakin Malam Isyaku, bai shiga ba. Ba girman kai ne ya hana shi ba, wurin sa ƙafa ne babu. Ita kanta ƙofar rabi take buɗewa, saboda buhunan da ke jingine a bayanta.

"Malam Isyaku, shekara talatin da shida kana gidan nan, ban taɓa jin kanka da kowa ba," in ji Alhaji. "Amma jiya duba-gari sun zo sun ba ni takarda. Ɓeraye sun addabi mutanen gida, ga wayar wuta ta bi ta cikin kayan nan naka. In wuta ta tashi, wa zai fita? Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, zan dawo. In na tarar da ɗakin nan fes, ka ci gaba da zamanka har iyakar rai. In na same shi haka, sai dai ka yi haƙuri ka ba ni makullina."

"To, Alhaji," in ji Malam Isyaku.

Ya tsaya yana jiran tsoro ya zo masa, ko fushi, ko da kunya ce. Babu wanda ya zo. Shekara huɗu ke nan, tun rasuwar matarsa Saratu, magana mai daɗi da marar daɗi duk ɗaya suke shiga kunnensa. Ya raka Alhaji har bakin zaure, a hanyar dawowa ya ga wata 'yar takarda a gefen kwata, ya sunkuya ya ɗauka ya sa a aljihu.

Kada wani ya ɗauka Malam Isyaku ƙazami ne. Shekara talatin ya yi a sashen kati na asibitin koyarwa, kuma a zamaninsa ko kati ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutum zai zo ya ce rabonsa da asibiti tun haihuwar ɗansa na fari, Malam Isyaku ya shiga tsakanin kantoci ya fito da katinsa yana kaɗe masa ƙura. Dokarsa ɗaya ce: ba a yar da takarda sai an karanta ta gaba da baya, domin wadda ka yar yau gobe mai ita zai zo nema.

Tsintar takarda a hanya kuwa, wannan ba a asibiti ya koya ba, a wurin mahaifinsa ne. Duk Bakano ya san abin: in ka ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, ka ɗauke ta ka karkaɗe, ka soka ta a ramin katanga don kada a taka. Haka ya tashi yana yi. To amma katangun ƙasa sun ƙare a Gyaɗi-Gyaɗi, aka koma bulo da siminti, aka shafe ko'ina sumul aka yi fenti. Mutum ya tsinci takarda ya duba dama ya duba hagu, babu inda zai soka ta. Sai Malam Isyaku ya riƙa sa tasa a aljihu.

Lokacin da Saratu take da rai wannan ba matsala ba ce. Kowace Alhamis, kafin ta jiƙa masa kaya, sai ta zazzage aljihunansa tana tsokanarsa, wai ya mayar da riga ofishin gidan waya. Ta zuba takardun a wani kasko da ta keɓe, ta ƙona su, ta binne tokar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Da ta rasu, Alhamis ta zo bai iya ba. Ya juye su a leda, ya ce sai ta gaba. Ta gaban ma ta zo ta wuce, yanzu an yi Alhamis sama da ɗari biyu.

Kuma wace takarda ce a Kano babu sunan Allah a jikinta? Katin ɗaurin aure da bisimilla yake farawa. Kalanda, jaridar da aka naɗe ƙosai, fostar ɗan takara mai cewa in sha Allahu, littafin ɗan makaranta da aka rubuta wa Abdullahi a bango, duk sun shiga. Daga nan ya fara ɗauko kwalaye don zuba takardun, sai ledoji don rufe kwalayen saboda damina. In gaskiya za a faɗa, abin bai tsaya nan ba. Robobin lemo, fanka marar kai, takalmi wari guda, murfin tukunya, ba wanda ya isa ya ce akwai sunan Allah a jikinsu. Shi ma ya sani. In ya ɗauka da niyyar yarwa sai ƙirjinsa ya ɗaure, numfashi ya gagara, ba ya sakinsa sai ya mayar da abin inda yake. Gado ya daɗe da nutsewa. Wurin kwanansa bai fi faɗin dadduma ba, a bakin ƙofa.

Ranar Lahadi 'yarsa Ummulkhairi ta zo daga Babban Giji. Ita kaɗai Allah ya bar masa, sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Ummi yake ce mata. Rabonta da ganin cikin ɗakin an fi shekara biyu, domin duk zuwan da ta yi a zaure yake tarar ta ya shimfiɗa mata tabarma. Yau ta tura ƙofar da kafaɗa, ta leƙa, ta ja da baya ta zauna a kan turmi.

Maƙwabciyarsa Felicitas ce ta kawo mata ruwa. Nas ce a asibitin da ya yi aiki, iyayenta mutanen kudu ne amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Kanawan. Yana daga ciki yana jin su.

"Wannan ciwo ne, Ummi, kamar hawan jini," in ji Felicitas. "Ba hauka ba ne, ba kuma ƙazanta ba. Muna ganin masu shi. Zan karɓar masa lokacin ganin likita ranar Alhamis. Abu ɗaya nake roƙonki, kar ki kwashe masa kaya a bayan idonsa. An yi wa wata tsohuwa haka a Ƙauyen Alu, cikin wata biyu ɗakin ya fi da cika."

"Sista, wa yake maganar wata biyu? Kwana biyar gare mu. In aka tashe shi ina za shi? Ɗaki biyu muke ciki da yara biyar. Kuma kin san Baba, gara ya kwana a titi da ya kwana gidan surukinsa."

Wannan gaskiya ne, ya ce a ransa. Ya ji maganar kamar ta wani dattijo ake yi a wata unguwa, har ya ɗan tausaya wa dattijon.

Litinin da sassafe suka fara. Ummi ta riga ta tambayi limamin unguwa, ya ce a ƙona masu sunan Allah a wuri mai tsarki a binne tokar, babu laifi, lada ma za a samu. Malam Isyaku ya amince, da sharaɗi ɗaya: babu takardar da za ta fita sai ya duba ta. Suka yi kashi uku a tsakar gida, na ƙonawa, na bola, na ajiyewa. Ya sa tabarau ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno, tana miƙo masa yana karantawa gaba da baya.

"Baba, wannan rasit ɗin chaji ne fa."

"Duba sunan mai shagon."

Ta duba. Abdurrahman. Ya ajiye shi a kashin ƙonawa, can kuma ya miƙa hannu ya dawo da shi na ajiyewa, wai akwai lambar waya a jiki, wataƙila wani ya buƙata.

Haka aka yi Litinin, haka aka yi Talata. Ranar Laraba da la'asar Ummi ta dubi abin da suka yi, buhu ɗaya da rabi a cikin abin da ya fi buhu sittin. Kyankyasai suna ta gudu a tsakar gida, matan haya suna leƙe ta labule. Ta ɗauki wani kwali da funfuna ta cinye, ta nufi waje da shi. Bai san lokacin da ya miƙe ya riƙe ɗaya gefen ba. Suka tsaya haka, uba da 'ya, kwali a tsakaninsu.

"Baba, don girman Allah. Ɗakin Umma ne fa. A nan aka haife ni. Kwali za ka zaɓa?"

Ya so ya ce mata a'a, ba kwali ya zaɓa ba. Ya so ya ce mata ɗakin nan shi ne abin da ya rage masa a duniya. Amma hannunsa bai saki ba. Ita ce ta saki, ta goge ido da gefen hijabinta, ta ce gobe kada ya makara zuwa asibiti.

Alhamis Felicitas ta sa shi a adaidaita sahu suka tafi tare. Ta wuce wurin aikinta, shi ya bi layi. A sashen kati ya tarar da matasa a gaban kwamfuta, babu wanda ya san shi, kantocinsa ma an fitar da su. Likitar da ta gan shi ba ta kai Ummi shekaru ba, amma ta iya sauraro. Ta tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce bayan rasuwar iyalinsa. Ta tambaye shi me yake ji in ya tuna da ita. Ya yi tunani sosai, domin ba ya son ya yi wa likita ƙarya.

"Ba na jin komai, likita. Sai in an taɓa kayan."

Ta ce akwai magani, amma ba na kwana ɗaya ba ne. A hankali ake yi, leda ɗaya a mako, shi da kansa, har hannu ya saba da saki. Ta rubuta wa mai gidan haya takarda tana roƙon a ba shi wata uku, ta buga hatimi. Malam Isyaku ya karanta ta gaba da baya, ya ninke huɗu, ya sa a aljihun gaba.

Da ya dawo gida, tun daga zaure ya ji ƙamshin sabulu. Ƙofar ɗakinsa a wangale take har bango, abin da bai gani ba shekara uku. Ciki babu komai sai gado, da akwatin Saratu, da kaskon nan nata a kusurwa. An wanke daɓen har yana sheƙi. Haske ya shigo ta taga, ya ma manta akwai taga a wurin. Ummi tana tsaye da tsintsiya, zaninta jiƙe, ta kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka yafe mini. Na ɗauko masu kurar kwasar shara su huɗu. Ban da wata hanya."

Felicitas, da ta dawo bayansa kaɗan, ta dafe kai a bakin ƙofa ta ce, "Kai, Ummi."

Ya shiga ya zauna a bakin gadon. Ɗakin ya yi masa girma, in ya yi tari sai ya ji muryarsa ta dawo. Ya jira ƙirjin ya ɗaure, shi ma yau bai ɗaure ba.

"An ƙona?" ya tambaya.

"An ƙona, Baba. Na ce su kai bayan gari, wuri mai tsabta. Sun yi mini alkawari."

"To. Allah ya yi miki albarka."

Ta fashe da kuka don daɗi, ta fita ta buga wa Alhaji waya ta gaya masa an gama. Ba wanda ya yi maganar takardar likita, tunda ba a buƙatarta kuma.

Juma'a ya yi wanka, ya sa rigar jiya domin ita ce mai dama, ya fita da wuri don ya sami sahun gaba. An yi ruwa da asuba, hanyar duk taɓo, sai ya zaga ta layin baya, inda jujin unguwa yake. Daga nesa ya hango kalandar. Ya san ta, ta wani kantin magani ce, mai hoton Ka'aba, kusurwarta ɗaya a yage. Tana kwance a cikin ruwan kwata, akuya ta ɗora ƙafa a kai.

Ya matsa. Buhunansa ne, ya san ɗaurin bakinsu, nasa ne. Masu kura sun tsince ƙarfe da roba sun tafi da su inda ake saye, takarda kuwa ba ta da kasuwa, ga ta da danshi ba za ta ci wuta ba. Wa zai tura kura har bayan gari saboda ita? Sun juye ta a nan, layi biyu da gida. Wasu buhunan sun fashe. Katunan ɗaurin aure, shafukan littafin addu'a, bisimilla da manyan baƙi, duk ga su cikin ɓawon kankana da ƙunzugun jarirai da abin da baki ba zai faɗa ba. Shekara huɗu yana ɗauke su daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya don kada a taka, yau ga su gaba ɗaya a wurin da ya fi ko'ina ƙazanta.

Ya san ƙarfe nawa ne. Ya san wa zai zo bayan masallaci, ya san abin da zai ce. Duk wannan a fili yake a kansa, babu ruɗu ko kaɗan. Ya kori akuyar, ya ɗauki kalandar ya goge ta da hannun riga. Ya ce wannan kaɗai. Sai ya ga wata a ƙarƙashinta.

Da aljihuna suka cika sai ya juye su a buhu, ya saɓa buhun a kafaɗa. Mutum mai shekara sittin da biyar, da farar riga, yana ɗauko kaya daga juji yana kaiwa gida. Masu shago suna kallonsa, wani ya ce, "Baba, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ya yi sahu na biyu, ya yi na biyar. Lasifikar masallaci ta fara huɗuba yana sahu na tara, aka tayar da salla yana tsakiyar titi da buhu a kai, ruwan juji yana bi masa ta wuya. Tun yana ɗan shekara goma Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba. Ya lura da hakan kamar yadda mutum yake lura an ɗauke wuta da rana, ya ci gaba da tafiya.

Alhaji Abdulmalik ya shigo da fara'arsa, da carbi a hannu, Ummi tana biye da shi da kular abinci. A zaure warin ya tare su. Buhuna goma sha biyu a cikin ɗaki suna tsiyayar baƙin ruwa a kan daɓen da aka wanke jiya. Tsakar gida kuwa an shimfiɗe ta da takardu, kowace an danne ta da dutse tana shan iska, ƙudaje sun taru. Matan gida sun kwashe 'ya'yansu sun rufe ƙofa. Malam Isyaku yana tsugune yana ɓamɓare wasu shafuka biyu da suka manne.

Ummi ta ajiye kular a ƙasa a hankali. Ba ta yi kuka ba, na jiya ya ƙarar da hawayen.

"A juji suka zubar," ya ce mata. Ba da faɗa ba, labari kawai yake ba ta.

Felicitas ta fito da gudu, da kayan aiki a jikinta. "Alhaji, ka tsaya, don Allah. Likita ta rubuto maka takarda, ciwo ne, an fara magani. Baba, ina takardar? Ba shi!"

Ya sa hannu a aljihun gaba. Ya fito da katin suna, da rabin shafin jarida, da takardar maganin wani. Sai ya tuna ya juye aljihunan a buhu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A wane buhu? Mutumin da bai taɓa ɓatar da katin kowa ba ya tsaya yana kallon buhuna goma sha biyu. Ya jawo na kusa ya kwance, ya ɗauki ta sama, ya karanta gaba, ya juya baya, ya ajiye, ya ɗauki ta biyu.

Alhaji ya jira. A faɗi gaskiya, ya jira fiye da yadda wani zai jira, har inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida. Ummi da Felicitas suna ta tone sauran buhunan da hannu, shi kuwa Malam Isyaku bai wuce takarda ta talatin ba.

"Ku bari," in ji Alhaji. Muryarsa a sanyaye take. "Ko an same ta, Litinin duba-gari za su dawo, kuma ba ni kaɗai ba ne, akwai iyali shida a gidan nan. Malam Isyaku, wallahi ban so haka ba. Ka nemi wuri zuwa ƙarshen wata."

"To, Alhaji."

Alhaji ya juya zai fita, iska ta zare wata takarda daga ƙarƙashin dutse ta kawo ta gaban takalminsa. Ya dakata da ƙafa a sama. Katin ɗaurin aure ne, da bisimilla a samansa. Shi ma ɗan Kano ne, ya sunkuya ya ɗauka ya karkaɗe. Ya dubi katangar dama, ya dubi ta hagu. Shi da kansa ya sa aka shafe su da siminti aka yi musu fenti shuɗi, ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Ya tsaya da katin a hannu, bai san yadda zai yi da shi ba. Can sai ya miƙa wa Malam Isyaku.

Malam Isyaku ya karɓa da hannu biyu, ya karanta gaba, ya juya baya, ya sa a aljihu.